Gwaji shida a takarda, kuɗin biyu a bakin zane: wanne za a fara yi wa yaro mai zazzaɓi?

Ran wata Talata cikin Satumba, bayan la'asar, ƙanwata ta shigo gidana a Garwa, arewacin Kamaru, goye da autarta 'yar wata 14, da takarda a hannu. Kwanan yarinyar uku jiki zafi. A asibiti an rubuta mata gwaji shida na jini da fitsari: TDR, NFS, CRP, VS, Widal da ECBU. Ta je tagar biyan kuɗi aka lissafa mata, ta kwance bakin zane ta ga abin da ke ciki bai kai rabin lissafin ba, ga shi ba a ma zo maganar magani ba. Sai ta tare kilando, wato ɗan acaɓa, ta taho wurina, don ta san na yi shekaru ina aikin labo, ɗakin gwaje-gwajen asibiti.

"Yaya, duba mini. Wanne ne dole, wanne ne zai iya jira?"

Ban karɓi takardar ba sai da na sa ta sauke yarinyar ta ɗage mata riga. Na ɗora agogon waya, na ƙirga numfashinta minti ɗaya cur tana kwance lamo a cinyar uwarta. Na samu 34. Yaron da ke tsakanin shekara ɗaya da biyar, idan numfashinsa ya kai 40 a minti, ana zargin ciwon huhu. Daga wata 2 zuwa 11 iyakar 50 ce, jariri ƙasa da wata biyu kuma 60. Na duba ko awazunta na faɗawa in ta ja iska, ba sa faɗawa. Na ja fatar idonta ta ƙasa, na buɗe tafin hannunta, da sauran ja. Na ce a ba ta nono, ta kama ta sha tana harara ta. Wannan hararar ta fi kwantar mini da hankali a kan duk abin da zan karanta a takarda.

Na fara da wannan ne domin akwai yaran da ba a zama ana auna musu farashin gwaji. Yaron da ya kasa sha ko kama nono, wanda duk abin da ya shiga cikinsa sai ya dawo, wanda ya yi taune-taune, wanda ya yi laushi ana tashinsa ba ya farkawa sosai, wanda wuyansa ya sanƙare ko maɗigarsa ta kumbura, wannan a kwantar da shi a fara magani, gwaji ya biyo baya. Haka jaririn da bai cika wata biyu ba: zafin jiki 38 kaɗai ya isa dalilin kwana a asibiti, kuma jikinsa ya yi sanyi ƙasa da 35.5 ma alamar haɗari ce, ko da gwajin jininsa ya fito tas. Mai sikila da ya yi zazzaɓi shi ma haka, saboda saifarsa ba ta tace ƙwayoyin cuta yadda ya kamata, cuta tana iya gama jininsa cikin sa'o'i. A wurin waɗannan, sawun giwa ya taka na raƙumi. Abin da zan kwatanta a ƙasa ya shafi sauran yara ne, waɗanda su ne mafi yawa: jiki zafi, suna sha, suna kuka da ƙarfi, likita kuma yana son sanin ko akwai wata muguwar cuta a ɓoye.

Duk gwajin da ke takardar nan yana ƙoƙarin amsa ɗaya daga tambayoyi uku. Palu ne, wato zazzaɓin cizon sauro? In ba palu ba ne, bakteriya ce da ke buƙatar antibiyotik ko bairas ne da zai wuce da kansa? Sannan jikin yaron yana da ƙarfin ɗaukar ciwon kuwa? Wanda ya riƙe tambayoyin nan ba zai biya kuɗi sau biyu a kan amsa ɗaya ba.

Tambayar palu ita ce ta farko a ƙasarmu, balle daga Agusta zuwa Oktoba lokacin da Binuwai ta cika, kududdufai suka mamaye unguwanni. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da maganin palu, kuma a Kamaru gwamnati ta mayar da maganin palu marar tsanani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2011, na mai tsanani kuma tun 2014. Saboda haka a asibitin gwamnati tambaya kafin ka zaro kuɗi. Hanya biyu ce: TDR, ɗan faifan roba da ake ɗiga wa jini a jira minti 15 zuwa 20, da kuma gut epes, wanda ake shafa jini a gilashi a rina a duba da madubin likita. TDR ba ya son wutar lantarki, ba ya son ƙwararre, kuma idan ya ce babu, galibi babu ɗin ne. Amma yana da wani hali da iyaye da yawa ba su sani ba. Abin da mafi yawan faifan nan ke kamawa wani sinadari ne mai suna HRP2 da ƙwayar palu ke zubarwa a jini, kuma sinadarin kan zauna makonni bayan ƙwayar ta mutu. Yaron da ya sha magani ya warke sarai, a gwada shi bayan mako biyu ko uku, layi biyu na iya fitowa, wato akwai palu.

Na tambayi ƙanwata yaushe rabon yarinyar da palu. Ta ce mako uku ke nan, ta sha maganin kwana uku har ƙarshe. To ka ji. Da an yi mata TDR, da wuya bai ce akwai ba, a sake ɗora ta kan maganin palu kowa ya koma gida, ainihin ciwon yana nan yana ci. A irin wannan yanayi gut epes ya fi, domin ido yake ganin ƙwayar ita kanta, har a ƙirga yawanta. Rauninsa shi ne ya dogara ga mai dubawa da ingancin rini. Na sha ganin takardun da aka rubuta "akwai" a kan gilashin da dattin rini ne kawai a jiki. Idan yaro bai sha maganin palu a cikin wata guda da ya wuce ba, TDR ya wadatar. Idan ya sha, nemi gut epes a wurin da ka yarda da aikinsu.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuya, a nan kuma kuɗi ke zuba. Akwai wani bincike da aka yi a Tanzaniya, a Darussalam da Ifakara, aka buga a 2014. An bi yara 1,005 masu zazzaɓi da gwaje-gwaje iri-iri. Kusan 70 cikin 100 bairas ne ke damunsu, kusan 22 bakteriya, palu kuwa wajen 10 kacal. Tanzaniya daban, Garwa daban, a damina kason palu a nan ya fi haka nesa. Amma a hunturu, lokacin da ƙura ta rufe gari kowane yaro na majina da tari, lissafin namu ma ba zai yi nisa da nasu ba. Ma'ana yawancin yaran da ake ɗura wa amoksisilin ba sa buƙatarsa, kuma 'yan kaɗan ɗin da ke buƙatarsa da gaske suna ɓace a cikin taro. Aikin CRP, da prokalsitonin, da ƙidayar fararen ƙwayoyin jini shi ne tsamo waɗannan kaɗan ɗin.

CRP wani sinadari ne da ake aunawa a jini, kuma tsoho ne. A 1930 wasu likitoci biyu a Amurka, Tillett da Francis, suka gano shi a jinin masu ciwon huhu. Hanta ke sarrafa shi idan jiki ya aika mata saƙo cewa wani wuri ya kumbura ko ana yaƙi da cuta. A jinin mai lafiya bai kan wuce miligiram 5 ko 6 a lita ba. Yana fara hawa kimanin sa'a 6 zuwa 8 bayan cuta ta kama, ba ya kai ƙololuwa sai kusan kwana biyu. Halinsa halin Binuwai ne: ruwa ya zuba can sama yau, sai gobe ko jibi ka ga gaɓa ta cika a gadar Garwa. Wannan jinkirin shi ne babban abin da ya kamata uba ya sani kafin ya biya. Yaron da zazzaɓi ya kama shi da asuba, ka kai shi da hantsi a yi CRP, sakamakon yana iya fitowa ƙasa alhali cuta mai tsanani ta riga ta shiga. Kuɗin ya tafi, kuma ka samu kwanciyar hankalin ƙarya, wadda ta fi rashin gwajin muni. Daga kwana na biyu zuwa sama ne maganarsa ke da nauyi.

Yadda ake karanta shi ma da sauƙin ruɗewa. Ƙananan labo da yawa a nan suna amfani da tsohuwar hanya, a gauraya ruwan jini da wani farin ruwa a kan kati a ga ko ya guda, a yi ta sirkawa. Shi ya sa za ka ga lambobin kullum 6, 12, 24, 48, 96, kowace ninkin ta baya. Wani labon ma "positif" kawai zai rubuta, wanda ke nufin ya kai 6, ba a faɗa maka ko 8 ne ko 200 ba. Wannan kusan bai da amfani, domin mura ma tana kai CRP 12. Kafin ka biya, tambayi mai labo ko lamba zai ba ka. Nazarin da ya tattara bincike da dama kan yara masu zazzaɓi ya nuna ƙasa da 20 na rage zargin cutar bakteriya mai tsanani sosai, sama da 80 kuma na ƙara shi sosai. Tsakanin 20 da 80 fili ne mai hazo, sai likita ya haɗa da abin da idonsa ya gani. Ruwa ba ya tsami banza, amma CRP ba ya faɗa maka abin da ya tsamar da shi. Palu kansa yana ɗaga shi sama ƙwarai. Ƙuna, da rikicin sikila, da wasu bairas masu zafi duk suna ɗaga shi. Don haka CRP mai yawa a jikin yaron da gut epes ya nuna palu ba hujjar antibiyotik ba ce ita kaɗai. Darajarsa tana fitowa ne idan an riga an kore palu.

Prokalsitonin ba ya cikin takardar ƙanwata, amma mijinta, wanda ke harkar kaya tsakanin Kusuri da Njamena, ya bugo waya yana cewa wani ya gaya masa akwai sabon gwaji da ya fi CRP, a nemo shi ko nawa ne. Gaskiya ne akwai shi. A 1993 wasu masu bincike a Faransa suka nuna yana hawa sosai a jinin yaran da bakteriya ta shiga jininsu, yana zama ƙasa a masu bairas. A jikin mai lafiya ɗan kaɗan ne, a glandar wuya ake yin sa, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Idan bakteriya ta shiga jiki sai gaɓoɓi da yawa su kama zubo shi cikin jini, bairas kuwa yana tayar da wani sinadari da ke danne shi. Shi ya sa ya fi CRP iya rarrabe biyun. Ya kuma fi shi sauri: sa'a 3 zuwa 4 ya fara hawa, kafin kwana ɗaya ya kai ƙololuwa, kamar mayo, wato rafin Marwa, da za ka tsallaka da ƙafa da safe, hadari ya zuba, da azahar ka tarar ya cika maƙil. Ƙasa da nanogiram 0.5 a mililita alama ce mai kyau, sama da 2 abin tashin hankali ne.

To me ya sa ban tura ta nemansa ba? Yana son na'ura ta musamman da ba kowane labo ke da ita ba, kuɗinsa ya ninka na CRP, kuma fifikonsa ya fi bayyana ne a wurare biyu: awannin farko na zazzaɓi, da ƙananan jarirai. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar a 2021 kan jarirai 'yan kwana 8 zuwa 60 ta sa shi a gaba, da iyaka 0.5, ta ajiye CRP da iyaka 20 a gefensa. Amma ka tuna su suna amfani da shi ne don yanke shawarar wane jariri za a iya sallama gida, a ƙasar da uwa za ta iya dawowa asibiti cikin minti 20 da tsakar dare. Uwar da ke ƙauye bayan Pitowa, a damina, hanya ta yanke, ba a sallamar jaririnta mai zazzaɓi saboda wata lamba ta yi kyau. Ga yarinya 'yar wata 14 a kwana na uku kuwa, CRP ya riga ya gama hawa, tazarar da ke tsakaninsu ta tsuke. Ƙari a kan haka, palu mai tsanani yana ɗaga prokalsitonin shi ma, jariri sabon haihuwa kuma nasa yana hawa da kansa a kwana biyun farko ba tare da wata cuta ba. Idan kana asibitin da ke da na'urar, yaron ƙarami ne, zazzaɓin bai kwana ba, kuma aljihu zai ɗauka, ya cancanci kuɗinsa. Ɗaukar yaro marar lafiya a mota zuwa wani gari don shi kaɗai, ban ga hikimar ba.

Na gaya wa surukina haka a waya. Ya ce, "Yaya, ni dai kada a ce kuɗi ne ya hana." Na ce ya ajiye kuɗin, magani na tafe.

NFS, wato ƙidayar ƙwayoyin jini, ita ce wadda na fi jin ciwon yadda ake karanta ta. Mutane suna kallon layin fararen ƙwayoyin jini, in sun ga tauraro a gefe, alamar lamba ta fita ma'auni, sai hankali ya tashi. Na'urori da yawa an saita su da ma'aunin manya, wanda ke tsayawa wajen 10,000. Yaro ɗan shekara ɗaya mai ƙoshin lafiya yana iya kaiwa 17,000, sabon haihuwa ma ya wuce haka nesa. Kuka da tsoron allura kaɗai na ɗaga adadin. A ɗaya gefen, taifot kan bar shi daidai ko ma ƙasa, kuma jaririn da cuta ta ci ƙarfinsa adadin nasa faɗuwa yake yi. Mai sikila kullum nasa a sama yake. Akwai kuma wani abu na gado: yawancin mutanen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suna da ƙarancin nau'in da ake kira nitrofil idan aka auna su da ma'aunin Turawa, kuma lafiyarsu ƙalau. Idan tambayarka ita ce bakteriya ko bairas, ƙidayar fararen ƙwayoyi ita ce mafi rauni a cikin ukun, kuma binciken da aka yi a kan yara ya tabbatar da hakan.

Duk da haka ba na cewa a jefar da NFS, saboda wani layi da ke ƙasa wanda iyaye ba sa kallo: emoglobin, wato ƙarfin jini. Wannan shi ke amsa tambaya ta uku. A yankinmu palu bayan palu, da ƙarancin abinci mai gina jini, da tsutsar ciki, suna cinye jinin yara a hankali, yaro yana yawo da rabin abin da ya kamata. Ƙasa da giram 5 a desilita tare da palu, palu mai tsanani ke nan ko da yaron yana zaune da kansa. Ƙasa da 4 ƙarin jini ne ba jira. Idan tafin hannu da fatar ido sun yi fari, wannan layin ya fi CRP muhimmanci, kuma a wurare da yawa ana iya auna emoglobin shi kaɗai da ɗigon jini daga yatsa, a farashin da bai kai na NFS cikakkiya ba. Tambaya kawai za ka yi. 'Yar ƙanwata tafinta da ja, don haka na ce NFS ta jira.

VS ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ana zuba jini a dogon bututu a jira sa'a guda a ga yadda jajayen ƙwayoyi suka kwanta. Yana hawa a makare, yana sauka a makare, ƙarancin jini kaɗai yana ɗaga shi. In an yi CRP, VS maimaici ne.

Widal kuwa, Allah Ya gyara. Gwaji ne da ya haura shekara 100, tun 1896, kuma abin da yake aunawa martanin da jiki ya taɓa yi ne ga ƙwayar taifot ko danginta. Wanda ya taso yana shan ruwan da muke sha, da wuya jininsa ya rasa wannan martanin. Palu ma yana sa shi ya fito "positif". A makon farko na taifot na gaskiya kuma yana iya cewa babu. Daga wannan gwajin ne aka haifi ciwon nan da kowa ke ɗauke da shi a baki, "palu da taifot", da allurai na kwana bakwai da yawancin masu shansu ba sa buƙata. Hanyar tabbatar da taifot ita ce shuka jini a kwalba a ga abin da zai tsiro, wanda likitoci ke rubutawa emokiltir. Yana ɗaukar kwana biyu zuwa sama, kuma sai manyan wurare irin reshen Cibiyar Pasteur da ke nan Garwa. Ga yaron da aka kwantar, ko wanda zazzaɓinsa ya kai mako ba a gano dalili ba, wannan ne abin kashe wa kuɗi, don shi ke faɗin sunan ƙwayar da maganin da ke kashe ta. Sharaɗinsa a ɗebi jinin kafin antibiyotik ya shiga jiki. Kafsol biyu da aka saya wurin mai tebur a bakin kasuwa sun isa su hana komai tsirowa.

Saura fitsari, wanda kowa ke rainawa saboda wahalar tara shi. Yaron da bai iya magana ba ba zai ce maka fitsari na yi masa zafi ba. Zazzaɓi kawai za ka gani, wani lokaci da amai ko ƙin abinci. Cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyu masu zazzaɓin da ba a ga dalilinsa ba, kusan 7 cikin 100 ciwon mafitsara ko ƙoda ne. Ya fi kama 'yan mata, da kuma yara maza da ba a yi wa kaciya ba a shekararsu ta farko, abin da ya shafe mu tunda gidaje da yawa sai yaro ya tasa ake kai shi wurin wanzami. In aka bar shi yana maimaituwa yana iya barin tabo a ƙoda. Nan ma hanya biyu ce. Akwai 'yar tsinken takarda da ake tsomawa, bandelet, minti biyu ta ba da amsa, da araha. Akwai ECBU, wanda shuka ne, kwana biyu zuwa uku, da tsada. Tsinken yana duba abu biyu, alamar fararen ƙwayoyi da kuma nitrit. Nitrit in ya fito, kusan tabbas akwai cuta. In bai fito ba, ba ya wanke yaro, domin sai fitsari ya zauna a mafitsara kamar sa'a huɗu kafin ya samu, jariri kuwa ba ya riƙe fitsari haka. Dabarar da ta fi wa mai ƙaramin ƙarfi ita ce a fara da tsinke, in ya nuna wani abu sannan a biya ECBU da fitsarin da aka tara kafin shan magani. A wanke gaban yaron da ruwa mai tsabta, a ba shi nono, a zauna da kwalbar labo a buɗe ana jira, a tari na tsakiya. Fitsarin da aka matse daga tsumma ko famfas ba ya gaya wa kowa gaskiya.

Akwai ma'auni ɗaya da ba ya cikin takardar kuma ba a biyan ko dala a kansa: igiyar awon damtse mai launi uku da ma'aikatan lafiya na unguwa ke yawo da ita, har ana koya wa iyaye mata amfani da ita. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara biyar, ja yana nufin ƙasa da milimita 115, rawaya daga 115 zuwa ƙasa da 125. Yaron da ya faɗa ja, tamowa ta riga ta karya garkuwar jikinsa. Cuta tana iya cin sa jikinsa bai yi zafi ba, alamomin jini ma ba lallai su tashi yadda aka saba ba. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ba irin wannan yaro antibiyotik tun ranar da aka karɓe shi a shirin tamowa, ba a jiran gwaji. In da za a ce in zaɓi abu ɗaya da ke nuna wane yaro ne ciwo zai fi kayarwa a unguwanninmu daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro ya yi yawa, igiyar nan zan ɗauka kafin kowace kwalbar jini. Ta 'yar ƙanwata kore ta nuna a awon da aka yi mata lokacin rabon maganin rigakafin palu na damina, wanda aka fara bi gida-gida da shi a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa a 2016.

Ni ba likita ba ne, kuma ban soke layi ko ɗaya a takardar da hannuna ba. Abin da na ce mata shi ne ta koma wurin wanda ya rubuta, ta gaya masa abu biyu da bai sani ba: cewa yarinyar ta sha maganin palu mako uku da suka wuce, da cewa kuɗinta gwaji biyu zai ɗauka, in an matsa uku. Mutanenmu suna jin nauyin faɗin haka, sai su karɓi takarda su fita, su zaɓa da ka a bakin taga, galibi su ɗauki Widal saboda shi suka saba ji. Likitoci da yawa suna rubuta jerin ne a kan zaton za a iya biya, kuma in ka ce, "Dokta, ƙarfina bai kai duka ba, wanne zan fara?" za su ja layi a ƙarƙashin biyu.

Na raka ta. Likitan, wata matashiya ce, ta saurara, ta mayar da TDR gut epes, ta bar CRP, ta rubuta bandelet a gefen ECBU, sauran ta ce a dakata. Tara fitsarin ya ci mana kusan sa'a ɗaya a kan benci, yarinyar ta ƙi yi sai da aka kira magariba, rabi a kwalba rabi a zanen uwarta. Gut epes bai nuna komai ba. CRP ya fito 96. Tsinken ya rine a gurbin fararen ƙwayoyi, nitrit bai fito ba. Likitar ta sa aka ajiye sauran fitsarin don ECBU, kuɗin da surukina ya turo ya biya shi, aka fara maganin a daren. Ran Juma'a sakamakon ya fito da sunan ƙwayar, E. coli, da jerin magungunan da take ji da waɗanda ba ta ji. Amoksisilin, wanda ƙanwata ke da ragowar kwalbarsa a gida kuma ta yi niyyar ba ta tun ran Lahadi, yana cikin waɗanda ba ta ji.